Wa Zai Hau Lilon Fim Ɗin da Bai Kalla Ba?

A ranar 20 ga Afrilu, 2023, aka rufe Bollywood Parks da ke Dubai, rufewar da babu buɗewa. Duk wanda ya tashi a gidan da ake kallon Indiya, wato kusan kowannenmu, ya kamata labarin nan ya ɗaure masa kai. Wuri ne da aka buɗe a ƙarshen 2016, aka gina shi kacokan a kan finafinan da ko a unguwanninmu an san su: Sholay, Dabangg, Don, Krrish, Lagaan, Ra.One. Ga shi a ƙasar da Indiyawa suka fi kowace al'umma yawa, har sun fi 'yan ƙasar. Ga Mumbai tafiyar awa uku kacal a jirgi. In da son fim ne ke cika wurin wasa, da wannan wuri bai taɓa ganin ranar da babu layi a ƙofarsa ba. Amma ko shekara bakwai bai cika ba. A 2024 aka buɗe wani wurin a filin, da sunan Real Madrid. 'Yan Barca sai haƙuri.

Na san wani zai ce, mu da muke fama da kuɗin rajista da na fotokwafi, ina ruwanmu da lilon Dubai? Da ruwanmu fa. A makarantu irin tamu ake yaye masu karanta yawon buɗe ido da kula da otal, a nan ake yaye 'yan makanikal da 'yan lantarki da masu zanen gini. Duk ranar da wani gwamna ko wani attajiri ya farka da mafarkin gina ƙauyen fim ko katafaren wurin shaƙatawa, irinmu za a ɗauka aiki, kuma irinmu za a sallama in wurin ya mutu. Don haka tambayar tamu ce: wurin wasan da aka gina a kan fim yana jan wanda bai kalli fim ɗin ba, ko kuwa na masoya ne su kaɗai?

Bari in faɗi irin wuraren da nake nufi, kada wani ya ɗauka lilon gidan zu ne na ranar sallah. Tun da Walt Disney ya buɗe Disneyland a Kalifoniya a 1955, manyan kamfanonin fim na Amurka, musamman Disney da Universal, suka gano cewa labarin da aka sayar a silima ana iya sake sayar da shi a matsayin wurin da mutum zai taka da ƙafarsa. Sai a gina unguwa guda irin ta cikin fim, da titunanta da shagunanta da abincinta, a sa wa ma'aikata kayan 'yan wasa, sannan a dasa injunan hawa a ciki. Wasu kujeru ne masu motsi a gaban ƙaton allo. Wasu kwale-kwale ne da ke faɗowa daga tudu zuwa cikin ruwa. Wasu kuma irin jirgin nan ne da ke gudu a kan dogo, ya hau sama, ya kife da mutane, ya gangaro a guje. Ni dai jirgin hajijiya nake ce masa, kuma haka zan kira shi a nan.

Mutum iri biyu ne ke shiga irin wannan wuri. Akwai ɗan gani-kashe-ni, wanda ya haddace fim ɗin, ya san har sunan karen jarumin, ya shekara yana tara kuɗin zuwa. Akwai kuma ɗan rakiya: uban da aka jawo, uwar da ke riƙe da jaka da gorar ruwa, ƙanin da shi ƙwallo ce ta dame shi, kakar da aka ce ba za a bar ta a masauki ita kaɗai ba. Ba sai an yi dogon bincike ba, kowa ya duba gidansu. In mutum shida suka fita, da wuya a sami uku da ke son abu ɗaya. Kuma galibi ɗan rakiyar nan shi ne mai aljihu. Tikitin yini ɗaya a Disney na Orlando ya haura dala 100 ga mutum guda, ban da abinci, ban da wurin kwana. A ganina, ɗan gani-kashe-ni ne ke jawo iyali bakin ƙofa a karon farko, amma ɗan rakiya ne ke yanke hukuncin ko za a dawo. Wurin da ya ci ɗaruruwan miliyoyin daloli kuwa ba ya rayuwa da zuwa ɗaya.

Hujjata ta farko wani fim ne da na tabbata yawancin masu karanta wannan mujalla ba su taɓa jin sunansa ba: Waterworld, na 1995, wanda Kevin Costner ya fito a ciki. Labarin duniya ce ruwa ya shanye ta, mutane na yawo a kan teku suna neman tudu. An kashe masa kimanin dala miliyan 175, a lokacin babu fim ɗin da ya taɓa cin kuɗi haka, kuma da ya fito a silimomin Amurka kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Jaridu suka mayar da shi abin zolaya. Ba a yi masa na biyu ba har yau. To amma a shekarar da ya fito, Universal suka buɗe wani wasa na ido-da-ido da sunansa a wurinsu na Hollywood. Tafki aka gina, 'yan kallo na zaune a gabansa. 'Yan wasa na tsere a kan baburan ruwa, ana faɗa, ana faɗowa daga saman hasumiya, wuta na tashi, ana sheƙa wa 'yan sahun gaba ruwa da gangan su jiƙe sharkaf suna dariya. Can wajen ƙarshe sai jirgin sama ya faso ta saman katanga ya faɗo cikin tafkin a gaban jama'a. Shekara talatin ke nan ana wannan wasa. An kwafe shi a Japan a 2001, a Singafo a 2010, a Beijin a 2021.

Ka tsaya ka yi tunani a kan na Beijin ɗin nan. Kamfani ya zauna da masu lissafinsa, ya ga ya dace ya gina wa Sinawa wasa a kan fim mai shekara 26 wanda ko a gida bai yi abin a zo a gani ba. Kana jin son Kevin Costner suka dogara da shi? Ai jirgin da ke faɗowa suke sayarwa. Sunan fim ɗin rubutu ne kawai a allon ƙofa.

Haka Splash Mountain, wanda Disneyland suka buɗe a 1989. An gina shi a kan Song of the South, fim ɗin 1946 da Disney da kansu suka ɓoye, ba su taɓa sakin sa a kaset ko faifai a Amurka ba, saboda yadda ya nuna rayuwar baƙaƙen fata a gonakin kudancin ƙasar bayan zamanin bauta kamar wata rayuwar jin daɗi. Wato ko kana son kallon fim ɗin ma ba ka da inda za ka same shi cikin sauƙi. Duk da haka sama da shekara talatin mutane na bin layi don kwale-kwale ya faɗo da su daga tsayin kusan mita 15. A riƙe wannan misalin, zan dawo kansa, don labarinsa bai ƙare da daɗi ba.

Sai Avatar, fim ɗin shuɗayen mutanen nan na 2009. Shi kam ya yi kasuwa, har ya kafa tarihi, amma irin fim ɗin nan ne da kowa ya kalla kuma ba kowa ne zai iya faɗa maka sunan mutum uku a ciki ba. Gwada a ɗakinku yau da dare ka gani. Lokacin da Disney suka sanar a 2011 cewa za su gina masa unguwa a Animal Kingdom, da yawa sun yi musu dariya, ana cewa fim ɗin ba shi da masoya na haƙiƙa. Aka buɗe a watan Mayun 2017. Masu shiga wurin suka tashi daga kusan miliyan 10.8 a 2016 zuwa miliyan 12.5 a 2017. Abin da mutane suka tarar duwatsu ne manya da aka gina ta yadda ido zai ga kamar a iska suke rataye, da tsirrai masu haske da dare, da wani injin hawa da ake zama a kansa kamar babur. Ana sa maka tabarau, allo ya cika gabanka, ka ji kamar kana bayan wata ƙatuwar dabba mai fuka-fuki. Iska na dukan fuskarka, ana fesa ƙamshin daji da ɗan yayyafi, kujerar da ke tsakanin ƙafafunka na kumbura tana sacewa kamar dabbar na numfashi. Wane ne ke buƙatar sanin sunan jarumi kafin ya ji daɗin wannan?

A nan ne asirin yake, in ma asiri ne. Kunne na buƙatar fassara, shi ya sa muke kallon Indiya da fassarar Algaita. Ciki ba ya buƙata. Ranar da aka sako ka daga sama hanjinka ya taso wuya, ba ka buƙatar tafinta. 'Yan makanikal da 'yan lantarki su matso kusa, wannan naku ne. Injin hawan farko da aka yi wa Harry Potter a Orlando, kujerunsa a maƙale suke a jikin hannun mutum-mutumin inji na kamfanin KUKA na Jamus, irin hannun da ke walda da ɗaga ƙarfe a masana'antar haɗa motoci. An ɗora hannun a kan dogo, yana tafiya yana jujjuya mutum huɗu sama da ƙasa. Shi kuwa VelociCoaster, jirgin hajijiyar da aka buɗe a 2021 da sunan finafinan Jurassic, ba sarƙa ce ke jan sa zuwa sama ba, maganaɗisun lantarki ne jere a kan dogo ke harba shi, har ya kai kusan kilomita 110 a awa, ya haye tsayin mita 47. Wanda ke ihu a kai, ko ya kalli fim ɗin ko bai kalla ba, ihun iri ɗaya ne. Abin da ke sa shi ihun kuwa darasin da muke gudu ne a aji, ba labarin dabbobin zamanin da ba.

Yanzu a juya abin. In suna ne ke yi, ai babu sunan da ya kai Fast & Furious. Ko a ɗakunan kwananmu babu wanda bai san Vin Diesel da sanƙonsa ba. Finafinan sun tara biliyoyin daloli. Universal suka yi masa injin hawa, suka buɗe a Orlando a 2018. Me aka samu? Ka bi layi, a zuba ku cikin wata doguwar bas, a shigar da ku wani zaure mai allo dama da hagu, bas ɗin ta riƙa jijjiga a wuri ɗaya ana nuna muku motoci na gudu. An ce maka za ka yi tsere, sai aka zaunar da kai kamar mai jiran mota ta cika a tasha. Masu bibiyar irin waɗannan wurare sun daɗe suna lissafa shi cikin mafi muni da kamfanin ya taɓa yi. Ko masoyan fim ɗin ba su yafe ba, balle ɗan rakiya. A Hollywood, inda aka fara shi a 2015, an rufe shi a 2025, kuma abin da suka zaɓa su gina da sunan fim ɗin a can shi ne jirgin hajijiya na gaske, mai gudu na gaske. Su ma sun gane.

Kada in yi son kai, akwai abin da ke wancan ɓangaren, kuma ba ƙarami ba ne. Sunansa Harry Potter. Kafin 2010 wurin Universal da ake kira Islands of Adventure yana tangal-tangal, masu shigarsa kusan miliyan 4.6 a 2009. Aka buɗe unguwar Harry Potter a watan Yunin 2010. A 2011 sun kai kusan miliyan 7.7. Babu yadda za a yi a ce hannun KUKA ne shi kaɗai ya jawo ƙarin mutum miliyan uku. Suna ne ya jawo su, littattafai bakwai da finafinai takwas, da yaran da suka girma da su. Kuma ɗan gani-kashe-ni yana kashe kuɗin da ɗan rakiya ba zai taɓa kashewa ba. Zai sayi sandar tsafin roba sama da dala 50. Zai sa baƙar alkyabbar makarantar cikin zafin Florida yana gumi yana murna. Zai bi layin wani abin sha mai zaƙi da kumfa da ake kira Butterbeer, wanda duk da sunansa ba giya ba ce. Ranar da aka buɗe injin hawan Hagrid a 2019 an bi layi har na awa goma. Awa goma, malam. Ko layin karɓar takardar shaidar biyan kuɗin makaranta bai kai nan ba. Wannan aikin so ne, so kuwa hana ganin laifi.

Akwai ma wani abu da ya fi wannan, wanda ban cika jin ana faɗa ba. Ɗan rakiya yana cin albarkacin ɗan gani-kashe-ni ba tare da ya sani ba. Dalilin da ya sa titin Harry Potter ya yi kyan da ya yi shi ne magina sun san akwai miliyoyin mutane da za su lura in an karkata taga ɗaya ba yadda take a fim ba, ga marubuciyar, J.K. Rowling, da ta tsaya kai da fata a kan ƙananan abubuwa. Tsoron masoya ne ya hana ha'inci a ginin. Sai ɗan rakiya ya shigo ya ga gari mai rufin ƙanƙara da ƙaton gidan sarauta a kan dutse, ya ce kai, wurin nan ya haɗu. Bai san sunan shago ko ɗaya ba, amma idonsa ya san aikin da aka yi da kula. Don haka ba cewa nake fim ba shi da amfani ba. Yana ba magini duniya shiryayya, kuma yana kafa masa masu sa ido kyauta.

Inda nake ja shi ne wurin da aka manta cewa ɗan rakiya na nan. Shi layin awa biyu awa biyu ne a wurinsa. Masoyi yana cikin layin yana kallon hotunan da ke magana a bango, yana nuna ofishin shugaban makaranta, yana ƙwalla. Ɗan rakiya na duba agogo yana tunanin ƙafarsa. In minti huɗun da ke ƙarshen layin ba su biya shi ba, ya tafi ke nan, kuma zai faɗa wa duk wanda ya tambaye shi.

Babban misalin abin da ke faruwa in aka gina wa masoya su kaɗai shi ne otal ɗin Star Wars da Disney suka buɗe a Orlando ranar 1 ga Maris, 2022. Galactic Starcruiser sunansa. Ɗakuna ɗari ne. An tsara shi kamar jirgin sama jannati, ɗakunan babu tagar gaske, allo ne ke nuna maka taurari. Kwana biyu za ka yi a ciki kana wasan kwaikwayo: 'yan wasa su tare ka su ba ka saƙon sirri, wayarka ta riƙa turo maka aiki, ka zaɓi ɓangaren da kake goyon baya, ka koyi wasa da takobin haske. Mutum biyu kuɗinsu ya fara daga sama da dala 4,800. A canjin yau miliyoyin naira ne, ku lissafa da kanku, ni kaina ciwo yake. Da yawa daga waɗanda suka shiga sun yaba, wasu ma sun ce ba su taɓa ganin irinsa ba. Amma ka sa kanka a matsayin matar da mijinta ne masoyin. An biya wannan kuɗi, an rufe ta kwana biyu a gidan da babu taga, babu wurin ninƙaya, mutane masu fentin fuska na yi mata magana a kan yaƙin da ba ta san mafarinsa ba. Babu abin da wurin ya tanadar mata. Ko dai ka shiga labarin gaba ɗaya, ko ka zauna kamar baƙon da aka kai biki bai san amarya ba bai san ango ba. Aka rufe shi a ƙarshen Satumbar 2023, bayan wata 19, aka yi asarar ɗaruruwan miliyoyin daloli. Star Wars fa, wanda tun 1977 yake tara masoya a duniya. Tsadar ta taimaka wajen kashe shi, babu musu, amma tsada ta fi ciwo a gidan da mutum ɗaya ne kawai zai ji daɗi.

Mu ai mun san wannan tun kafin Disney. Dubi Hawan Daushe a Kano. Bakano na tsaye yana gane kowane hakimi daga rawaninsa da 'yan rakiyarsa, yana jin abin da maroƙi ke faɗa, ya san wa ya kamata ya wuce kafin wa. Gefensa ga Bature ko ɗan Legas da kyamara, bai san Madaki ba bai san Makama ba. Amma in 'yan lifidi suka wuce, 'yan bindiga suka saki aradu, kakaki ya tashi, mahaya suka sako dawaki a guje suka ja linzami a gaban Sarki, shi ma tsigar jikinsa tashi take. Biyun ba abu ɗaya suke gani ba, amma babu wanda ya koma gida hannu rabbana. Wurin wasan fim mai kyau haka yake: akwai abin mai sani, akwai abin mai ido kawai.

Da wannan ma'aunin nake kallon abin da ya sami Bollywood Parks. Dalilan mutuwarsa sun fi ɗaya, akwai korona, akwai nisansa daga tsakiyar gari. Amma a farkonsa yawancin abin da ke ciki allo ne da kujeru masu motsi da rawa da waƙa a dandamali, abubuwan da daɗinsu ya dogara da ka san Salman Khan, ka san Gabbar. Mai son Indiya kuwa yana da Indiya a wayarsa kyauta. Sai a 2021 suka ƙaro injunan hawa na gaske, har da wani lilo mai tsayin mita 140 da aka ce babu kamarsa a duniya a lokacin. A ganina sun makara. Ba a fafe gora ranar tafiya. A Indiya kanta akwai Ramoji Film City a kusa da Hyderabad, tun 1996, inda aka bar fadar da aka gina don Baahubali a tsaye mutane na shiga kallo. Can ko ba ka san Kattappa ba, girman ginin zai sa ka ɗaga kai, kuma za a nuna maka yadda ake haɗa ƙaryar fim, yadda ake yin ƙarar doki da ruwan sama. Sanin yadda aka yaudare ka abu ne da kowa ke so, masoyi da wanda ba masoyi ba.

Na ce zan dawo kan Splash Mountain. Shekara da shekaru mutane na hawa ba su san fim ɗin ba, amma waɗanda suka sani ba su manta ba. A 2020, lokacin zanga-zangar kisan George Floyd, Disney suka sanar za su sauya shi. An rufe na Amurka duka biyun a 2023, aka sake buɗe su a 2024 da labarin Tiana, baƙar fatar gimbiyarsu ta farko. Kwale-kwalen na nan, tudun na nan, faɗowar na nan, sunan ne aka cire. Wato sunan fim ba kullum yake zama jari ba, wani lokacin kaya ne a kai. Kuma wanda ba masoyi ba ba lallai ya zama ɗan rakiya mai haƙuri ba. Yana iya zama mai adawa.

Wannan kam ba sai an ba mu labari ba. A 2016 gwamnatin tarayya ta sanar za ta gina ƙauyen fim a Kofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji a jihar Kano, a kan naira biliyan 3. Ba wurin lilo ba ne kai tsaye, wurin ɗaukar fim ne da koyar da sana'ar, da masauki da sauransu. Malamai da jama'a da dama suka tashi tsaye suka ce ba su yarda ba, aka yi ta muhawara a mumbari da Facebook, cikin ɗan lokaci aka soke. Kowa na da ra'ayinsa a kan wa ke da gaskiya, ba shi na zo warwarewa a nan ba. Abin da ya shafi maganata shi ne, waɗanda suka tsara aikin sun ƙirga masu kallon Kannywood, suka ga miliyoyi ne, suka ɗauka magana ta ƙare. Ba su ƙirga waɗanda ba sa kallo ba, da waɗanda ke kallo amma ba za su so a gan su a ƙofar wurin ba. A Orlando wanda ba masoyi ba iyakarsa ya yi hamma a layi. A nan yana iya hana a aza bulo ɗaya.

Shi ya sa in aka sake tayar da irin wannan magana, kuma za a sake, nake so waɗanda suka fito daga makarantu irin tamu su zama masu yin tambayoyin da ba a so. In aka rufe duk allunan da ke ɗauke da sunan fim da hoton jarumi, me ya rage a wurin? Dattijon da ya kawo jikoki akwai inuwa da wurin zama da wurin alwala? Uwa za ta yarda ta bar 'yarta ta hau injin nan, wa ya duba kusoshinsa da safe, a ina ake samun kayan gyaransa, da me zai yi aiki in an ɗauke wuta mutane na sama? Jarumin da aka sa sunansa, bayan shekara goma wa zai tuna shi, in ma ba a dakatar da shi ba kafin nan? Fim ɗin Hausa yana tashe ne na wata shida, siminti da ƙarfe kuwa bashinsu na shekara ashirin ne. Masoyi zai yafe lilon da ya tsaya cak da shi don an rubuta sunan gwaninsa a jiki. Uban da ya biya wa mutum shida kuɗin ƙofa ba zai yafe ba, kuma yana da majalisa.

Ga 'yan ajin ƙasa da ke neman taken furojet na baɗi, ga ɗaya nan kyauta. Ku je duk wurin wasan da ke garinku a kwana na biyu na sallah, ku tsaya a bakin ƙofar fita da takarda da biro. Duk iyalin da suka fito ku tambaye su abu uku: wa ya ce a zo, wa ya biya, wa zai ce a dawo. Sai dai ku tanadi kuɗin mota da na ruwan leda daga aljihunku, don ba na jin sashe zai biya.